Injin da Yaya Muntaka Ya Bar Mini

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Wannan kayen lissafi ne, littafin rubutuna na ajinmu na ƙarshe, rabinsa bai cika ba. Zan riƙa rubutu a ciki, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Ko da akwai ma, bakina ba ya buɗewa.

Yaya Muntaka ya tafi jiya. Riga biyu kawai ya ɗauka. Wayarsa da sabuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, suna hannun mutanen da suka zo ranar Talata daga ma'aikatar da yake yi wa gyaran injuna. Su uku ne. Sun zauna a zaure da Baba, aka kira Yaya. Ina bayan ƙyaure ina tsince wake, na ji abin da Baba ya faɗa a gabansu. Ba zan rubuta shi ba.

Kafin ya tafi ya kira ni ɗakinsa, ya jawo tsohon injin kwamfutar nan daga ƙarƙashin katifa, wanda ya harhaɗa da kansa tun ina aji huɗu. Ba hoto a cikinsa, ba launi. Baƙin gilashi ne da fararen haruffa. Saman gilashin ya fashe, layin farko kusan duk ya ɓace kamar an zuba masa tawada. Wurin da ake jan yatsa ya mutu tuntuni, komai da maɓallai ake yi.

Ya ce, "Najaha, kada kowa ya neme ni ta waya. Ta nan zan riƙa rubuto miki. Wannan haruffa kawai yake ɗauka, ko reson waya sanda ɗaya ce wasiƙa za ta shigo. Kuma kada ki nuna wa kowa."

Ya soka masa ƙaramin kile a gefe, mai jawo reso. Ya koya mini kalma ɗaya da zan rubuta, in danna babban maɓalli, sai jerin wasiƙu ya fito. Harafin j sauka, k hawa. Babban maɓalli buɗewa. Harafin r amsawa. In na gama rubutu in haɗa maɓallai biyu na gefen hagu, shafin ya rufe.

Ya ce, "Duk inda kika maƙale, danna q, shi ne ƙofar fita. In ya tambaye ki wani abu a ƙasa, ba shi o. Sauran kada ki taɓa."

Yana cikin nuna mini amsawa aka buga ƙofar gida. Mai ruwa ne ashe, amma Yaya ya riga ya miƙe yana neman takalmi. Ya ce, "Kin dai gane?"

Na ce e. Ban tabbata ba, amma na ce e.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Ba komai a ciki. Na buɗe sau biyu, bayan Baba ya tafi garka, lambunsa na rake, da kuma kafin ya dawo. Batirin ba ya wuce tsawon dahuwar shayi in ba kuran, wato wutar lantarki, sai in yi sauri.

Biyu daga cikin mutanen sun sake zuwa. Inna ta ce masu mai gida ba ya nan. Mai tabarau ya ce, "Yaron fa?" Inna ta ce, "Allah ne ya sani." Suka tsaya a ƙofa suna kallon gidan, sannan suka tafi.

Inna ta ƙona awarar yau kasko biyu. Ba ta taɓa ƙonawa ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Wasiƙar Yaya ta zo. Layi ɗaya sabo a saman jerin, da harafi a gabansa. Don sauri na danna k a maimakon babban maɓalli.

Ya rubuta: "Lafiya nake. Ina wurin wani abokina, kada ki tambayi ina. Ina cin abinci. Ki gaya wa Inna a hankali. Ki amsa mini in san kin iya."

Na gaya wa Inna a madafi. Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zane. Yaya ɗanta na fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, haka Baba ma. Da ta buɗe fuska ta ce, "Ki ce wa yayan naki ya riƙa rufe ƙirjinsa da safe."

Na danna r, na rubuta. Na daɗe, don sai na nemi kowane harafi da ido. Na haɗa maɓallai biyun, shafin ya rufe, wani ya buɗe mai layuka da yawa da Faransanci. Na rasa inda zan bi. Sai na tuna, na danna q. Ya tambaye ni wani abu a ƙasa, da wata kalma doguwa da ba a koya mana a lakol, makarantarmu, ba. Na ba shi o. Nan take na koma jerin wasiƙu, kuma a layin ƙasa wata lamba ta fito, 1.

Ɗaya ta tafi ke nan. Na iya.

Laraba, 12 ga Nuwamba, la'asar

Ba komai. Baba ya ci tuwo bai yi magana da kowa ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Wata wasiƙar Yaya ta zo, zan kwafe ta duka a nan, don in injin ya mutu.

"Najaha, ban ga amsarki ba, wataƙila reso ne. Ki saurara da kyau. Abin da suka ce na yi, ba haka ya faru ba, kuma zan iya tsayawa a gabansu in faɗa, ko me za su yi mini. Amma ba zan dawo garin da aka ce ba a san ni ba a zauren ubana. In Baba ya ce in dawo, zan dawo. In bai ce ba, akwai mota ranar Litinin 24 ga wata, za ta Agadas, daga can a wuce Libiya. An riƙe mini wuri. Ba maganar Inna nake nema ba, na san tata. Ta Baba."

Na karanta sau huɗu. Ɗan gidan maƙwabtanmu ya bi wannan hanyar shekara uku da suka wuce. Uwarsa har yau in ta ji mota ta tsaya a layinmu sai ta fito.

Kwana goma sha ɗaya.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan an sauko masallaci

Na karanta wa Inna. Ta ce in sake. Na sake.

Ta ce, "To wa zai gaya masa?"



Ta ce, "Ke dai ba za ki iya ba, na sani. Ko gishiri aka aike ki saye sai mai shago ya tambaye ki sau uku."

Ta ce za ta gaya masa da kanta, amma sai ta ga fuskarsa ta saki. Ta ce kafin nan in rubuta wa Yaya ya yi haƙuri, ya jira, kada ya hau motar kowa. Na rubuta. q, o. Lambar ta koma 2.

Na yi ta tunanin abin da ya sa ta farko ba ta kai ba. Reso ne, shi ma ya faɗa.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan magariba kaɗan

Inna ta gaya wa Baba jiya. Na ji muryarta ƙasa ƙasa a ɗaki, ban ji tasa ba ko sau ɗaya. Ya fito ya tafi garka bai karya ba.

Yau da la'asar ina shara a tsakar gida ya dawo da ɗaurin rake a kafaɗa. Ya jingine shi a bango, ya zauna yana kwance takalmi. Baba Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Bai dube ni ba ya ce, "Uwata."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "An ce ke ce mai rubutu a gidan nan yanzu."

Na tsaya da shara.

Ya ce, "Raken garka ya isa sara. Ni ɗaya ba zan iya ba, bayana ya ƙi. A gaya wa mai shi ya zo ya kama aikinsa." Ya ƙara da cewa, "Ɗakinsa ma yana nan, ba wanda ya taɓa."

Ya tashi ya ɗauki buta.

Na rubuta ta yadda ya faɗa, kalma kalma, ban ƙara ba ban rage ba. A ƙasa na sa, "Baba ne ya faɗa da bakinsa, ina tsaye, Inna tana ji daga madafi." Lambar ta koma 3. Inna ta zuba mini fura har ta zube a ƙasa, muka yi dariya mu biyu.

Talata, 18 ga Nuwamba, la'asar

Yaya ya rubuto: "Kwana takwas ban ji komai daga gida ba. In injin ne ya lalace, to. In kuma hana ki aka yi, na fahimta."

Ban gane ba. Uku na aika. Lambar tana nan, ina ganin ta da idona.

Na sake rubuta maganar Baba. 4. Bayan azahar na sake, na ɗauki injin na hau kan matakalar soro inda reso ya fi ƙarfi. 5.

Ban gaya wa Inna abin da ya rubuto ba. Na ce mata ya gaishe ta.

Laraba, 19 ga Nuwamba, azahar

Kwana biyar. Inna ta wanke wa Yaya zanen gado ta shanya.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, la'asar sakaliya

Ba kuran tun asuba. Batirin ya ƙare ina tsakiyar buɗewa.

Inna ta aike ni kai awara bakin tasha. A hanya na gamu da mai tabarau a kan moto, babur ɗinsa. Ya rage gudu ya ce, "Ƴan mata, ina labarin yayanki?" Na sunkuyar da kai na wuce. Ya yi dariya ya ce, "Gidan nan duk kurame ne."

Tun daga nan nake tunani, ko su ne suke tare wasiƙun a hanya? Su ma da injuna suke aiki. To amma me ya sa tasa take shigowa, tawa ba ta fita?

Da na dawo Inna ta ce, "Wai me ya ce game da maganar babanku?"

Na ce bai amsa ba tukuna.

Ta ce, "Kwana huɗu? Anya kina aikawa kuwa?"

Na ce ina aikawa, har lamba yake nuna mini.

 Ta ce, "Ni ban san lamba ba. Na san dai yayanki, da ya ji wannan maganar da yanzu yana garka."

Baba kuma kullum in ya dawo sai ya kalli ƙofar ɗakin Yaya kafin ya ajiye rake. Ba ya tambaya.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya

"Na gane. Ba laifinki ba ne, kada ki sa a ranki. Gobe Asabar zan leƙa sau ɗaya da rana, daga nan ba ni da inda zan duba sai mun yi nisa. Ki kula da Inna. Injin na bar miki."

Na rubuta, "Yaya kada ka tafi, Baba ya ce ka dawo." 6.

Na rubuta, "Yaya." 7.

Na karanta wa Inna wannan, da ta ranar Talata da na ɓoye. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mutum ɗaya na sani da ta iya Faransanci sosai kuma ba ta da surutu, Madam Rashida da ta koyar da mu a ajin ƙarshe. Gidanta yana bayan kasuwa. Yaya ya ce kada in nuna wa kowa. Amma Yaya zai hau mota jibi.

Da hantsi na sa injin a cikin babbar roba, na rufe da zane kamar awara, na ɗora a kai. Na kai har ƙofar gidanta. Akwai maza huɗu a kan tabarma a bakin ƙofa suna shan shayi da mijinta. Sai an yi masu sallama, sai an ratsa ta gabansu. Ɗaya ya ce, "Mai awara, kawo mu gani."

Na juya.

Na zagaya kasuwa sau biyu na dawo, suna nan. Na koma gida.

Rana ta yi, ta wuce. Ya leƙa ke nan, bai ga komai ba.

Ban san abin da zan rubuta a kaina ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, azahar

Na koma tun da sassafe, kafin a shimfiɗa tabarma. Madam tana wanke wa jaririnta jiki.

Ta ce, "Wa nake gani kamar Najaha? Ke da shekara guda kina gabana ban san kalar muryarki ba. Awara kika kawo mini?"

Na buɗe zanen. Ta ce, "Ikon Allah. Wannan ai ya girme ki."

Na fara magana, kuka ya riga ni. Ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa, ta miƙa mini jaririn ta ce in riƙe har in huce. Na gaya mata. Ba duka ba, iya motar da maganar Baba da wasiƙu bakwai. Ba ta tambayi sauran ba. Garin nan kowa ya ji wani abu.

Ta ce ita injin da ta sani mai hotuna ne, ana nuna abu da kibiya a danna, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta ce, "Amma yi yadda kike yi, in gani."

Na danna r, na rubuta harafi ɗaya, na rufe shafin. Na danna q. Tambayar ta fito a ƙasa. Yatsana ya riga ya tafi kan o, ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Tsaya. Kin san me yake tambayar ki?"

Na girgiza kai.

Ta ce, "Cewa yake, in ajiye wannan wasiƙa sai wani lokaci? Ke kuma kina ce masa e."

Na ce Yaya ne ya ce in ba shi o.

Ta ce, "In za ki fita ya ce, ba in za ki aika ba. Wannan lambar da kike murna da ita, lissafin waɗanda aka ajiye ne. Suna nan ciki, ƴar nan. Ko ƙofar ɗaki ba su fita ba."

 Tun ranar Litinin ta farko. Maganar ƙirji, maganar rake, duka.

Madam ta ce, "Kuka daga baya. Ina maɓallin aikawa?"

Ban sani ba. Ta ce dole a rubuce yake wani wuri. Ta kusantar da fuskarta ga layin sama, inda ya fashe. A can ƙarshen dama, inda tawadar ba ta kai ba, akwai alamar tambaya da kalmar taimako. Kullum ina ganin ta. Yaya ya ce sauran kada in taɓa.

Ta ce, "Taɓa."

Na taɓa. Jeri ya fito dogo, kowane harafi da aikinsa a gefe. Madam ta bi da yatsa tana karantawa a hankali kamar yadda take bin sunayenmu da safe. Can kusa da ƙasa ta tsaya. Harafin y ne. Ɗaya tak, yana saman maɓallan da nake dannawa kullum.

Muka sake bin jerin muka gano yadda ake fito da waɗanda aka ajiye. Suka jeru su bakwai da kwanakinsu. Na zaɓi ta uku, ta Baba. Na danna y. Layin ƙasa ya ce yana aikawa. Ya daɗe a haka, jaririn yana jan hijabina. Sannan ya canza.

Madam ta ce, "An aika."

Lambar ta koma 6. Na bi sauran ɗaya ɗaya har ta ɓace.

Madam ta ce, "Yaushe ya ce zai duba?"

Na ce jiya.

Ta ce, "Jiya kina ina?"

Na ce na zo, akwai maza a ƙofa.

 Ta rufe mini robar da kanta ta ɗora mini a kai.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau ce motar.

Na buɗe da asuba, na buɗe da hantsi. Ba komai.

Na gaya wa Inna jiya. Ta ce, "Babanku yana zaton yaron ya ji maganarsa ya ƙi. Ba zan ɗaukar miki wannan ba. Ki je da ƙafarki."

Ban taɓa zuwa garka ni ɗaya ba. Na same shi a tsugune yana sara, yana dafe da ƙugu da hannu ɗaya. Na yi sallama. Na tsaya har ya ɗago.

Na ce, "Baba, bai ƙi ba. Bai ji ba ne. Ni ce ban aika ba."

Ya ce, "Ba ki aika ba?"

Na ce na zaci na aika. Na gaya masa q da o da y, na san bai gane ba, amma ya bar ni na kai ƙarshe. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba.

Ya ce, "Yanzu ta tafi?"

Na ce jiya ta tafi, amma wataƙila shi ma ya tafi.

Ya soke addar a ƙasa.  Ina jira ya ɗaga murya, ko ya ce in ɓace masa.

Ya ce, "Ni ma kwana goma sha biyu na yi kafin in buɗe baki, kuma ba inji ne ya riƙe ni ba. Tafi gida, Uwata, rana ta yi zafi."

Na juyo. Da na waiwaya bai koma sara ba, yana zaune a kan kunyar rake.

Talata, 25 ga Nuwamba, da hantsi

Ba komai.

Talata, la'asar

Ba komai. Inna ta naɗe zanen gadon ta sa a akwati.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha biyu saura

Ba kuran, batiri saura kaɗan, na ce bari in leƙa sau ɗaya. Layi sabo.

"Ina Agadas. Motar gaba gobe da asuba. Na shiga wani shago in rufe akwatin wasiƙun nan gaba ɗaya, don kada in riƙa dubawa a banza. Na tarar da bakwai, duk ranar Lahadi, cikin minti goma. Na san abin da ya faru tun kafin in buɗe. Ni na ce miki q da o, ban kai ga y ba. Shekara biyar ina gyara wa manya injuna, ƙanwata ɗaya na kasa koya wa harafi ɗaya.

Ta ukun, da gaske haka ya faɗa? Har da ɗakin? Ina zaune a shagon, mai shi ya ba ni rabin awa. Ki amsa yanzu in kina nan."

Alamar batiri tana ja. Na danna r. Na rubuta, "Har da ɗakin. Jiya ma ya share shi da kansa." Gaskiya ne, na gan shi ta taga. Na rufe shafin. Yatsana ya tafi kan q don sabo, na janye shi da ɗayan hannun. Na danna y.

An aika. Ko ƙirga goma ban yi ba gilashin ya mutu.

Ban san ko ya gani ba. Ban san ko rabin awar ta riga ta wuce ba, ban duba lokacin da ya rubuto ba.

Laraba, bayan la'asar

Kuran bai dawo ba. Inna ta aike ni in duba ko unguwar tasha suna da shi. Ba su da shi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Kuran ya dawo. Ba wasiƙa. In ya hau ta gaba, yanzu sun fita gari.

Alhamis, gab da magariba

Ina tankaɗe aka yi sallama a zaure. Muryar ta dushe, amma na san ta.

Yaya ne, ya rame. Leɓensa duk ya fashe, riga ɗaya ce ta rage a jikinsa. Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta gan shi, ta juya ta koma ciki. Ina jin ta tana ta motsa tukunyar da ba komai a cikinta.

Ya dube ni ya ce, "Malama mai o." Ya ɗora hannu a kaina. 

Baba yana kan tabarma. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa nesa da shi, ya gaishe shi. Baba ya amsa yana kallon carbinsa, ya tambaye shi hanya, ya ce a kawo masa ruwa. Shi ke nan abin da suka ce. Amma da aka kawo tuwo Baba ya ce a haɗa masu kwano ɗaya.

Labari ya riga ya zaga. Kafin a kira salla na ga moton mai tabarau ya wuce ta ƙofarmu a hankali.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe takwas da rabi na safe

Yaya ya yi wanka ya sa rigar da Inna ta goge masa. Ya ce zai je ma'aikatar da ƙafarsa kafin su aiko. Inna ta ce ya bari sai Litinin. Ya ce a'a. Ya ce mini in bai dawo yau ba kada in ji tsoro, irin wannan magana takan ɗauki kwanaki. Na tambaye shi kwana nawa. 

Ya fita zaure ya tarar da Baba a tsaye da farar rigarsa ta Juma'a da hula. Yau bai je garka ba.

Yaya ya ce, "Baba, ka zauna. Ni kaɗai suke nema."

Baba ya ce, "Sa takalminka."

Na leƙa ta ƙyaure har suka sha kwanar masallaci. Mutane suna zaune a bakin shaguna, duk suka bi su da ido. Baba ne a gaba.